Gado, mai zanen barkwanci na Kenya: yadda dariya ta zama aikin jarida, da abin da ta jawo masa

 Yau za mu leƙa gabashin Afirka, mu kawo muku tarihin wani mutum da ya yi fiye da shekara 30 yana sharhi a kan siyasa da alƙalamin zane da ƴan tsanan roba. Sunan da duniya ta san shi da shi Gado. Kada sunan ya ruɗe ku, ba Bahaushe ba ne, kuma ba gadon kwana ko gadon dukiya ake nufi ba. Sunansa na yanka Godfrey Mwampembwa, Gado kuwa shi ne sunan da yake sa hannu da shi a ƙasan zanensa.

Abin da ya sa labarinsa ya cancanci a ji shi ne: yana nuna mana yadda ake wannan sana'a tun daga tushe, yana kuma nuna hanyar da ake bi a rufe bakin mai faɗin gaskiya ba tare da an kai shi gidan kaso ba.

Daga Darussalam zuwa Nairobi

An haifi Gado a shekarar 1969 a birnin Darussalam na ƙasar Tanzaniya. Tun yana saurayi ya fara kai zanensa ga jaridun ƙasarsu suna bugawa. Da ya gama sakandare sai ya shiga makarantar Ardhi da ke Darussalam don ya koyi zanen gine-gine. Bai kai ƙarshen karatun ba. A 1992 jaridar Daily Nation ta birnin Nairobi, wadda ke cikin manyan jaridun Kenya, ta ɗauke shi aiki a matsayin mai zanen barkwanci. Ya ƙetare iyaka yana da shekara 23 kacal.

To, a wane hali ya tarar da Kenya? Shugaba Daniel arap Moi ke kan mulki tun 1978. Shekaru da dama jam'iyyarsa ta KANU ita kaɗai doka ta yarda da ita. Sai a ƙarshen 1991 aka soke wannan doka, aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa a watan Disamban 1992. Kafin nan, mai sukar gwamnati yana iya samun kansa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wani bene da ake kira Nyayo House, inda aka azabtar da ƴan adawa da dama. Zana fuskar shugaban ƙasa a jarida don a yi dariya kuwa, abu ne da ba a kuskura a yi. Wani mai zane ɗan Kenya, Paul Kelemba, wanda ake kira Maddo, shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara karya wannan tsoro a farkon shekarun 1990. Ke nan Gado ya iso ne daidai lokacin da ƙofa ta fara buɗewa, shi da abokan sana'arsa suka sa kafaɗa suka ƙara tura ta.

Mene ne ma zanen barkwancin siyasa?

Wasu za su ce ai zane wasan yara ne. To ku tsaya ku ji yadda aikin yake. Jarida takan keɓe wuri guda a shafin ra'ayi, kusa da sharhin edita. Kullum mai zanen zai karanta labaran ranar, ya zaɓi magana guda da ke bakin jama'a, ya murɗe ta ta zama hoto ɗaya. Abin da marubuci zai cika shafi yana bayani, shi dole ya faɗe shi a cikin ɗan fili da bai fi tafin hannu biyu ba, kuma kafin a rufe jarida da yamma.

Makamansa kaɗan ne. Na farko shi ne zuguiguita kama: in shugaba na da faɗin hanci ko gibi, sai a ƙara masa, yadda ko daga nesa za a gane shi. Na biyu shi ne alama. Moi, alal misali, ba ya rabuwa da wata ƴar sandar mulki a hannunsa, don haka da an ga sandar an san da wa ake. Na uku shi ne ƴar gajerar magana. Gado yakan ajiye wani ɗan mitsitsin mutum a kusurwar zanen yana jefa habaici, kamar mai zaune a gefen fada yana magana ƙasa-ƙasa.

Ƙarfin wannan sana'a shi ne ba ta buƙatar dogon karatu. Wanda bai iya Turanci ba, in ya ga an zana minista da ƙaton tumbi yana zaune a kan buhun kuɗi, talaka na gefe da ƙoƙon bara, ya gama fahimta. Shi ya sa masu mulki sukan fi jin zafin zane a kan dogon sharhi. Sharhi ana iya mayar masa da martani da wani sharhin. Amma in mutane sun riga sun yi dariya, da me za a mayar da ita?

Gado ya yi shekara 23 yana wannan aiki a kamfanin Nation. Ya zana Moi har ya sauka a 2002, ya zana Mwai Kibaki da ya gaje shi, ya zana Uhuru Kenyatta. Bai bar shugabannin maƙwabta ba, irin su Yoweri Museveni na Yuganda da Robert Mugabe na Zimbabuwe. An tattara zanensa a littattafai, daga ciki akwai mai suna Democrazy, sunan da ya haɗa kalmar dimokuraɗiyya da kalmar hauka a Turance. A 2007 ya samu lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan.

Daga takarda zuwa talabijin

Jarida a Afirka ba kowa take kai wa ba. Ana sayar da ita a birni, da kuɗi, kuma da harshen ƴan boko. Gado ya so saƙonsa ya wuce nan. Wajen shekarar 2000 ya tafi birnin Vancouver na ƙasar Kanada, ya koyi zane mai motsi a makarantar fim ta garin, wato irin zanen da yara ke kallo a talabijin yana tafiya yana magana.

Sai dai zane mai motsi aiki ne mai cin rai. Fim yana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ko da mai zanen ya rage, ya yi hoto 12 a kowace daƙiƙa kamar yadda aka saba, minti ɗaya kawai zai ci zane 720. Labarin siyasa kuwa ba ya jira. Kafin ka gama zana abin da minista ya faɗa ranar Litinin, ya riga ya musanta ranar Laraba.

Mafita ta zo masa a birnin Paris a 2003, da ya ziyarci wurin da ake shirya Les Guignols de l'info. Masu kallon tashar Canal+ daga cikinku za su tuna da shirin: ƴan tsanan roba masu kamar shugabannin Faransa suna ba da labaran ƙarya-gaskiya. An yi shi daga 1988 har zuwa 2018. Gado ya ga cewa da ƴan tsana ana iya shirya sabon shiri kowane mako, tunda in an ƙera ƴar tsanar shugaba sau ɗaya, za ta yi shekaru tana aiki, magana kawai za a riƙa sauya mata.

Ga yadda ake yi. Mai zane zai fitar da kamannin mutumin a takarda. Mai sassaƙa zai gina kan da yumɓu, a yi masa mazubi, a zuba roba mai laushi, in ta bushe a yi mata fenti, a sa gashi da ido da tufafi. Marubuta za su zauna su tace labaran mako su rubuta wasan. Masu kwaikwayon murya za su ɗauki maganar. Sannan a gaban kyamara, galibi mutum biyu ne ke ɓoye a ƙarƙashin kowace ƴar tsana, ɗaya na motsa kai da baki, ɗaya na kula da hannu. Mutanen Damagaram da suka san wasan kara, inda matasa ke shigar gwamna da ministoci su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu jama'a na dariya, ba za su ga baƙon abu a nan ba. Bambancin dai shi ne wannan an riƙa yin sa kowane mako, ƙasa baki ɗaya na kallo.

Ƙera irin waɗannan ƴan tsana sabon abu ne a Kenya a lokacin. Sai da aka tura wani mai sassaƙa ɗan Kenya zuwa Faransa ya koyo. Bayan nan kuma aka shiga neman kuɗi da neman tashar da za ta yarda ta nuna. Shekara shida aka yi ana wannan fafutuka.

Bayan jini ya zuba

Ana cikin haka ne Kenya ta faɗa cikin masifa. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 27 ga Disamban 2007. Hukumar zaɓe ta ce Kibaki ya ci, Raila Odinga da magoya bayansa suka ce an yi maguɗi. Rikici ya ɓarke, ya rikiɗe ya zama na ƙabilanci. Fiye da mutum 1,100 suka mutu, kusan 600,000 suka bar gidajensu. Sai da tsohon babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya shiga tsakani, aka sa hannu a yarjejeniya ranar 28 ga Fabrairun 2008: Kibaki ya ci gaba da shugabanci, Odinga ya zama faraminista.

Wato waɗanda aka yi ta kashe-kashe dominsu sun koma teburi guda suna raba muƙamai. A cikin wannan yanayi ne shirin Gado mai suna The XYZ Show ya fara fita a tashar Citizen TV a 2009. Ya kafa kamfanin Buni Media tare da wata ƴar jarida Bafaranshiya, Marie Lora-Mungai, don gudanar da shi. Ƴan Kenya suka zauna a gidajensu suna kallon ƴar tsanar Kibaki da ta Odinga suna cacar baki a kan kujera. Wasu ƴan siyasa sun fusata, amma jama'a suka karɓi shirin hannu bibbiyu. A 2013 ya ci kyautar shirin talabijin mafi kyau a gasar Africa Magic da aka yi a Legas.

Akwai wani darasi a nan da bai kamata a tsallake ba. A cikin mutum shida da kotun duniya ta CPI da ke birnin La Haye ta ambata a kan rikicin Kenya, har da wani mai gabatar da shiri a gidan rediyo, Joshua arap Sang, wanda aka zarga da zuga jama'a, ko da yake kotun ta dakatar da shari'arsa a 2016 ba tare da ta same shi da laifi ba. Ke nan a ƙasa guda an ga fuska biyu ta magana a bainar jama'a. Akwai maganar da ke nuna wata ƙabila da yatsa, akwai kuma wadda ke nuna mai riƙe da muƙami ta tambaye shi abin da ya yi da amanar da aka ba shi. Ta farko tana kunna wuta. Ta biyu ita ce aikin mai barkwancin siyasa na ƙwarai, kuma ba ta duba jam'iyya. A shirin XYZ, mai mulki da ɗan adawa kowa na shan rabonsa.

Salon ya ƙetaro har yammacin Afirka. A 2014 kamfanin Buni ya fitar da irinsa don Nijeriya mai suna Ogas at the Top, aka riƙa sa shi a intanet, da ƴan tsanan shugaba Goodluck Jonathan da sauran manyan ƙasar na wancan lokaci.

Sarƙa, rawani da inabi

A 2013 Uhuru Kenyatta ya zama shugaban Kenya, William Ruto mataimakinsa, alhali dukansu biyu suna da shari'a a gaban kotun CPI. Gado ya riƙa zana su da sarƙa a ƙafa ɗaure da dunƙulen ƙarfe, irin na fursunonin da. Ko wace magana zanen ke yi, ko ta noma ce ko ta haraji, sarƙar tana nan. Ofishin mai gabatar da ƙara na kotun ya janye tuhumar Kenyatta a Disamban 2014, kotun kuma ta dakatar da ta Ruto a Afrilun 2016.

Sai kuma zancen rawani. A watan Janairun 2015, ƴan makarantar firamare ta Langata Road a Nairobi suka fito zanga-zanga saboda an katange filin wasansu. Ƴan sanda suka harba musu barkonon tsohuwa, hotunan yaran suka zaga duniya. Filin yana jikin wani otal da ake dangantawa da Ruto. Da aka matsa wa gwamnati ta faɗi masu ƙwace filin, sai aka ambaci wasu ƴan kasuwa masu sunan Singh, sunan da mabiya addinin Sikh ƴan asalin Indiya ke amfani da shi, waɗanda aka sani da naɗa rawani. Daga nan Gado ya fara zana Ruto da irin wannan rawani a ka. Bai rubuta zargi ko ɗaya ba. Mai kallo ne ke ƙarasa maganar a zuciyarsa.

Amma zanen da ya fi jawo ƙura daga ƙasarsa ta haihuwa ya taso. A wannan watan na Janairun 2015, jaridar mako-mako The EastAfrican, wadda ita ma ta kamfanin Nation ce, ta buga zanensa na shugaban Tanzaniya Jakaya Kikwete a kishingiɗe, mata na kewaye da shi suna ba shi inabi a baki. A jikin matan an rubuta sunaye irin su cin hanci, son kai da rashin iya aiki. Ba a daɗe ba hukumomin Tanzaniya suka hana sayar da jaridar a ƙasar. Dalilin da suka bayar shi ne wai ba ta da rajista yadda doka ta tanada, alhali ta yi kusan shekara 20 ana sayar da ita a can. Sai bayan shekara guda, da John Magufuli ya hau mulki, aka ɗage haramcin.

Yadda aka raba shi da aikinsa

Bayan wannan zane, kamfanin ya ba Gado hutu mai tsawo. Da lokacin komawa ya yi a farkon 2016, sai aka shaida masa ba za a sabunta kwantiraginsa ba. Shugabannin jaridar sun ce babu hannun gwamnati, wa'adin aiki ne ya ƙare. Shi kuwa Gado ya bayyana wa manema labarai cewa yana ganin matsin lamba daga masu mulki ne ya jawo haka. A daidai wannan lokaci an kori wani babban editan jaridar, Denis Galava, bayan ya rubuta sharhin sabuwar shekara mai zafi a kan mulkin Kenyatta.

Me zai sa babbar jarida ta rabu da mutumin da ya fi kowa suna a cikinta? Sai mun duba inda jarida ke samun abinci. Kuɗin da mai karatu ke biya ba ya riƙe jarida, talla ce ke riƙe ta. A ƙasashen Afirka da yawa kuwa, gwamnati na cikin manyan masu ba da talla: sanarwar kwangila, neman ma'aikata, saƙon ma'aikatu. A 2015 gwamnatin Kenya ta tattara tallace-tallacen ma'aikatunta a hannun hukuma guda. Wanda ke riƙe da wannan famfo, ba ya buƙatar aika ɗan sanda. Ya isa ya rage ruwan. Ga kuma masu kamfanin, waɗanda galibi suna da wasu harkokin kasuwanci da ke buƙatar zaman lafiya da hukuma. Hausawa sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. Ta haka ake wayar gari edita ya fara tace kansa da kansa, tun kafin a ce masa komai.

Wannan ita ce hanyar da ta fi wuyar ganewa. In an kama ɗan jarida, kowa zai ji, ƙungiyoyi su yi ta kururuwa. In kuwa an ce kwantiragi ya ƙare, wa za ka kai ƙara?

Bayan Nation

Ba a nan labarin ya tsaya ba. Ranar 3 ga Mayun 2016, ranar ƴancin ƴan jarida ta duniya, aka ba Gado lambar yabo ta masu zanen barkwanci a birnin Jeneba na ƙasar Suwis, shi da Zunar na ƙasar Maleshiya. Kofi Annan ne ya miƙa musu. A shekarar kuma jaridar The Standard, babbar kishiyar Nation, ta ɗauke shi. Abin mamaki, jarida ce da aka daɗe ana dangantawa da iyalan Moi, mutumin da Gado ya yi shekara goma yana yi wa zambo da alƙalami.

Wani abin da ya sauya shi ne wayar hannu. A 1992, in edita ya ƙi zanenka, to ya mutu a aljihun tebur. Yau mai zane yana iya sa aikinsa a Facebook ko X, kafin la'asar ya shiga WhatsApp ya kai ƙauyen da jarida ba ta taɓa zuwa ba. Haka ma masu sharhi da murya, waɗanda ke ɗaukar shirinsu su sa a intanet ba tare da sun bi ta wata tasha ba.

Sai dai wanda ya fita daga inuwar kamfani ya fita daga kariyarsa ma. William Ruto, mai rawanin nan na zanen Gado, ya zama shugaban Kenya a 2022. A Yunin 2024 matasa suka yi gagarumar zanga-zanga a kan dokar haraji, har suka kutsa majalisar dokoki. A ƙarshen shekarar, wani matashi mai zane, Gideon Kibet, wanda aka fi sani da Kibet Bull, da ya yi suna wajen zana inuwar shugaba Ruto a intanet, ya ɓace a watan Disamba. Sai a farkon Janairun 2025 ya bayyana, ya ce wasu mutane ne suka sace shi. Ƴan sanda sun ce ba su da hannu.

Jama'a, kun ji tafiyar Gado, daga ɗalibin zanen gine-gine a Darussalam zuwa mutumin da zanensa guda ya sa aka hana jarida shiga ƙasa har shekara ɗaya. In wani ɗan uwa ya turo muku zanen barkwanci ko muryar mai sharhi a waya, kafin ku tura gaba ku tambayi kanku abu biyu: wa ake nunawa da yatsa, mai muƙami ne ko wata al'umma? Kuma abin da ake faɗa ya faru, ko ƙirƙira ce? Wanda ya tsallake waɗannan tambayoyi, ku yi dariyarku, ku kuma tuna cewa wani ya sa abincinsa, wani lokaci har da ransa, a kan layi kafin dariyar ta iso gare ku.